Daga Sauka Zuwa Musabaƙa: Tarihin Girmama Masu Karatu

Kowace al'umma a duniya tana da ranar da ta keɓe don ta fito da abin da ta fi ɗauka da daraja. Waɗansu su kan fito da dawaki da makamai, waɗansu su fito da dukiya, waɗansu kuwa mai ilmi su ke fitowa da shi, su zaunar da shi a gaba, manya su miƙe masa. Saboda haka wanda ke so ya san halin mutanen wata ƙasa, sai ya dubi wanda su ke tashi tsaye dominsa.

A ƙasar Hausa, tun zamani mai nisa, akwai rana guda wadda ɗan talaka ya kan zauna tsakiyar taro, dattawa su yi tsit suna sauraronsa. Ita ce ranar saukar Alƙur'ani. A zamanin nan kuma wani sabon reshe ya tsiro a jikin wannan tsohuwar itaciya, watau musabaƙa, gasar karatu wadda a ke yi kowace shekara. Ita musabaƙa kamar tsani ta ke. Matakinta na ƙasa yana cikin ƙananan hukumomi irin su Kankiya da Kusada, na sama kuwa yana Makka, inda 'ya'yan ƙasashen duniya ke taruwa su yi kwanaki ana sauraronsu, sa'an nan a raba kyauta. Abin da mu ke nufi a nan shi ne mu bi tarihin al'adun nan biyu, mu ga yadda aka tashi daga ta farko aka zo ta biyu, da abin da aka samu a hanya, da abin da a ke tsoron a bari a baya.

Ƙasar da abin ya tsiro

Kankiya tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Katsina. Kusada kuwa tana kudu maso gabas da ita, tana iyaka da Jihar Kano. Dukansu biyu ƙasar Sarkin Katsina ce, kowace da hakiminta, kuma suna cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, wadda aka cire daga Jihar Kaduna cikin 1987. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Amma zamansu tsakanin manyan biranen nan biyu ya sa ba su taɓa yin nesa da karatu ba, gama hanyar da fatake ke bi ita malamai da almajirai ke bi.

Sunan Katsina wajen ilmi daɗaɗɗe ne. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Almagili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano da Katsina, ya karantar. Cikin ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu cikin 1667. Bayansu aka yi Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, wanda ya tafi Gabas ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Ko da Turawa suka zo, a Katsina suka buɗe babbar makarantarsu ta horon malamai cikin 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. To, waɗannan duk manyan sunaye ne na birni. Amma kowane ɗaya daga cikin malaman nan, da yawancin yaran da suka shiga makarantar Turawan, a gaban malamin allo suka fara buɗe baki. Tushiya mafarin dawa.

Yadda a ke sauka

Yaro ya kan shiga makarantar allo yana ɗan shekara biyar ko shida. Da fari da ka a ke biya masa, daga Fatiha ya koma Nasi, ya riƙa hawa sama cikin gajerun surori. Daga nan sai a koya masa babbaƙu, sa'an nan farfaru, har ya iya haɗa baƙi da wasali da kansa. In ya kai nan sai ya fara rubuta allonsa da alƙalamin kara da tawadar da a ke yi da gawayi da ƙaro. Ya biya, ya riƙe, ya wanke, ya sake rubutu. Haka zai yi ta yi har ya ƙare izu 60.

Tafiyar nan mai tsawo ce, don haka magabata suka kakkafa mata zango. In yaro ya kai Sabbi, ko Amma, ko Yasin, iyayensa su kan yi sadaka gwargwadon hali, a kai wa malam da almajirai waina ko gumba ko tuwo. Ka ga ke nan ba a barin yaro ya yi shekaru bai ga alamar an san da wahalarsa ba.

Ranar sauka kuwa ita ce babbar rana. Tun kafin ta zo an kai allo wurin mai zayyana, ya ƙawata shi da launi iri iri, aka rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Da safe malaman gari da dattawa su taru a zaure ko ƙofar gida. Mai sauka ya fito da sababbin tufafi, ya zauna gaban malaminsa, malam ya biya masa, shi kuma ya karanta jama'a na ji. Sai a yi addu'a, a raba sadaka. Mai hali ya kan yanka rago, wani har sa. Malam kuma a ba shi nasa rabo, riga ko dabba ko kuɗi, a gaban kowa. Bayan an watse sai mai sauka ya ɗauki allonsa, abokansa na biye, ya zaga gidajen dangi, kowa ya sa masa albarka ya ba shi abin da ya sawwaƙa. Ko da ya ke kowane gari da ɗan bambancinsa, ƙashin abin ɗaya ne.

Sauka ba ita ce ƙarshen karatu ba. Wanda ke son hadda sai ya shiga tsangaya, galibi da rani bayan an kawar da amfanin gona. Da yawa su kan nufi Gabas, watau ƙasar Barno, inda aka shahara da wannan fanni. A tsangaya akwai matakai: ƙolo, da titibiri, da gardi, da malam, da alaramma, da gwani. Babbar jarrabawar wannan hanya ita ce satu, watau mutum ya zauna ya rubuta Alƙur'ani dukansa da ka, ba ya duban kome, sa'an nan ya kawo gwanaye su bi shi baƙi baƙi, su fitar da kurensa. Ba wanda ke ba shi takardar shaida. Bakin gwanaye shi ne shaidarsa, kuma wanda suka kira gwani, duk inda ya sauka an san shi.

Warshu da Hafsu

Don mai karatu ya gane sauyin da ya zo daga baya, sai mu ɗan yi bayanin ruwaya. Alƙur'ani ɗaya ne, amma an karɓo karatunsa ta hanyar limamai, kowane da almajiransa. Karatun da ya zo ƙasar Hausa da Barno ta hanyar Magrib shi ne ruwayar Warshu, mutumin Masar wanda ya rasu cikin shekara ta 197 bayan Hijira, ya kuwa karɓa daga Nafi'u na Madina. Da ita kakanninmu suka yi karatu, da irin rubutunta na Magrib su ke rubuta allo. A ƙasashen Gabas kuwa ruwayar Hafsu ta fi yaɗuwa, shi kuma daga Asimu na Kufa ya karɓa.

Abubuwa uku suka kawo Hafsu ƙasar nan da ƙarfi. Na farko ɗab'i: cikin 1924 aka buga wani Alƙur'ani a Alƙahira bisa ruwayar Hafsu, ya zama abin koyi ga masu ɗab'i, kuma cikin 1984 aka buɗe babbar maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, wadda alhazai ke dawowa da bugunta. Na biyu murya: cikin 1961 Shaihu Mahmud Khalil Alhusari na Masar ya naɗi karatun Alƙur'ani duka, daga baya rediyo da kaset suka shigar da muryoyin makaranta na Masar da Hijaz har cikin ƙauyuka. Na uku makarantun Islamiyya, masu aji da benci da allon bango, inda a ke koyar da tajwidi da ƙa'idodinsa, maza da mata. Sai ya zama a gari guda ana jin karatu iri biyu, na zaure da na aji. A kan wannan sabon tushe musabaƙa ta fi tsayawa.

Asalin musabaƙa

Gwada ƙarfin hadda tsakanin almajirai tsohon abu ne. Amma a mai da shi taron shekara shekara, da alƙalai da maki da kyauta, a kuma gayyato ƙasashe, wannan sabo ne. Ƙasar Malesiya ta yi gaba, ta fara gasar ƙasashe a Kuala Lumpur cikin 1961, zamanin Firayim Ministanta na farko, Tunku Abdul Rahman. Cikin 1979, watau 1399 bayan Hijira, Saudiyya ta fara tata a Makka, wadda ke ɗauke da sunan Sarki Abdul'aziz. Dubai ta kafa tata cikin 1997.

Da ya ke ƙasashe a ke gayyata, dole kowace ƙasa ta san yadda za ta zaɓi wakilinta. A Nijeriya wannan nauyi ya faɗa kan Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato, wadda ta shirya musabaƙar ƙasa ta farko cikin 1986. Jami'ar ce aka sake wa suna cikin 1988, ta zama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tun daga lokacin aka ɗora al'adar a riƙa zagayawa da taron, bana wannan jiha, baɗi waccan. Katsina ta sauki baƙinsa cikin 2018, Kano kuma cikin 2021.

Ga yadda tsanin ya ke. Makarantu su kan fitar da gwanayensu su kawo matakin ƙaramar hukuma. Yaron da ya yi fice a Kankiya ko Kusada sai ya tafi matakin jiha, ya gamu da takwarorinsa na Daura da Funtuwa da Malumfashi da sauransu. Wanda ya tsira a nan shi zai ɗauki sunan Jihar Katsina zuwa taron ƙasa. Daga cikin waɗanda suka ci a taron ƙasa a ke zaɓen masu zuwa Makka da sauran ƙasashe. Ka ga ke nan ɗan manomin da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba yana iya hawa mataki huɗu ya sami kansa yana karatu a Masallacin Harami.

Makon musabaƙa da al'adunsa

Taron ƙasa ya kan ci mako guda ko fiye. Ranar farko ta buɗewa ce. Gwamnan jihar da ta sauki baƙi, da sarakuna, da shugabannin jami'a su hallara, a yi jawabai, a gabatar da alƙalai, a ja kunnensu a kan amana. Kowace jiha da masaukinta, da malaman da suka rako 'ya'yanta.

Daga nan sai a shiga aiki, maza da wurinsu, mata da nasu. Rukunonin da aka daɗe ana bi su ne izu 60 da tafsiri, da izu 60, da izu 40, da izu 20, da izu 10 da tangimi, da izu 2. A kan kira ɗalibi ya hau kujera shi kaɗai, ba Alƙur'ani a gabansa. Ya zaɓi lambar tambaya da kansa, don kada a ce an yi masa zaɓe. A ja masa baƙi daga ko'ina cikin rukuninsa, shi kuma ya ɗauka ya ci gaba har a tsai da shi. In ya yi kure sai a kaɗa masa ƙararrawa. Ya gyara da kansa, hasararsa kaɗan ce. In kuwa sai da aka buɗe masa, makinsa ya ragu da yawa. Alƙalai sun raba aiki: waɗansu hadda su ke bi, waɗansu tajwidi, waɗansu kyan murya da tsarin karatu. Duk wanda ya taɓa zama wurin ya san irin shirun da ke sauka a zauren sa'ad da ƙararrawa ta yi ƙara, da irin ajiyar zuciyar da jama'a ke yi in yaro ya kama hanya.

Ranar rufewa ita ce ranar ado. A karanta sakamako tun daga ƙananan rukunoni, ana hawa, har a zo kan wanda ya fi kowa, shi a ke kira Gwarzon Shekara, ta mata kuma Gwarzuwar Shekara. A yafa musu alkyabba, namijin a naɗa masa rawani, a gaban Sarkin Musulmi ko wakilinsa. Kyautar kuwa ta kan haɗa da mota, da kuɗi, da kujerar Makka. In sun koma gida a tarye su, su kai gaisuwa ga gwamna da sarki. Lura da wannan naɗi, mai karatu. Alkyabba da rawani kayan sarauta ne. Da aka rasa abin da ya fi su girma a idon Bahaushe, sai aka ɗauko su aka ɗora wa mai karatu.

A Makka ma tsarin bai yi nisa da wannan ba: kwanaki ana tacewa, a saurari waɗanda suka rage a cikin Harami, a rufe da taron raba kyauta, a kuma kai baƙi ziyara Madina. Ta Makka ta samari ce. Mata suna da nasu a waɗansu ƙasashe, kuma cikin 2024 wata ɗaliba daga Jihar Gombe ta zo ta ɗaya a gasar mata ta ƙasar Jodan.

Makon Nobel a ƙasar Turai

Ba mu kaɗai ke da makon girmama masu ilmi ba. Ya kamata mu leƙa wanda ya fi kowane suna a duniya, don ya girmi musabaƙa da shekaru masu yawa, kuma akwai darasi cikin abin da ya sa ya daɗe.

Alfred Nobel mutumin Suwidin ne, an haife shi cikin 1833, ya tara dukiya ta hanyar ƙirƙiro wata irin nakiya. Cikin 1895 ya rubuta wasiyya a Faris, ya ce a juya dukiyarsa, ribar a riƙa raba ta kowace shekara ga waɗanda aikinsu ya fi amfanin 'yan Adam cikin fanni biyar: fiziks, da ilmin haɗa sinadarai, da ilmin likita, da adabi, da neman zaman lafiya. Ya mutu ran 10 ga Disamba 1896 a San Remo ta ƙasar Italiya. Aka fara ba da kyautar cikin 1901. Cikin 1968 babban bankin Suwidin ya ƙara ta tattalin arziki don tunawa da shi, aka fara ba da ita cikin 1969.

Cikin Oktoba a ke faɗin sunayen waɗanda suka ci. Farkon Disamba sai su taru a Istokhom, babban birnin Suwidin, su yi mako guda. Ka'ida ce kowane ya tsaya gaban jama'a ya yi lacca a kan aikin da ya jawo masa kyautar. Ranar 10 ga wata, ranar mutuwar mai wasiyya, ita ce ranar bikin, ba ta gaba ba ta baya. A ƙawata zauren da furannin da mutanen San Remo ke aikowa. A kira mutum, wani masani ya faɗi abin da ya yi, sa'an nan Sarkin Suwidin ya miƙe, jama'a duk su miƙe, ya ba shi lambar zinariya da takarda hannu da hannu. Da dare a yi walima ta mutum wajen 1,300 a babban zauren majalisar birni. Kyautar zaman lafiya ita kaɗai a Oslo a ke ba da ita, babban birnin Norwe, a rana guda ɗin, Sarkin Norwe yana zaune, da dare kuma mutanen gari su yi jerin gwano da wuta a hannu don gai da wanda ya ci. Ba a raba kyauta guda ga mutum fiye da uku, kuma sunayen waɗanda aka gabatar a kan rufe su shekara 50 kafin a buɗe.

Cikin 1986, shekarar da aka fara musabaƙa a Sakkwato, Wole Soyinka na Nijeriya ya karɓi ta adabi, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta, ya kuwa sadaukar da laccarsa ga Nelson Mandela, wanda ke kurkuku a lokacin. Shekarar da ta biyo, 1987, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya karɓi wata babbar kyautar, ta Sarki Faisal ta Saudiyya, saboda hidimar Musulunci. Ita an fara ba da ita cikin 1979.

Ko Nobel ɗin ma ta taɓa tuntuɓe. Cikin 2018 rigima ta tashi a cikin majalisar masanan da ke zaɓen gwanin adabi, har mutane suka fara shakkar amanarta. Sai aka ɗage kyautar wannan shekara, ba a faɗi mai ita ba sai cikin 2019. Masu abin sun gane in aka daina amincewa da alƙali, zinariyar ba ta da sauran daraja.

Riba da abin tsoro

In ka jera ukun nan, sauka da musabaƙa da makon Nobel, za ka ga ginshiƙansu kusan ɗaya ne. Akwai lokaci sananne wanda kowa ke jira. Akwai alƙalin da a ke amincewa da shi. Akwai manya da ke saukar da kai ga mai ilmi. Akwai kuma sharaɗin mai karɓa ya fara ba jama'a abin da ke cikin kansa kafin a ba shi abin hannu. Mai sauka sai ya karanta allonsa, mai musabaƙa sai ya hau kujera, mai Nobel sai ya yi lacca.

Ribar da musabaƙa ta kawo ba ta ɓoyuwa. Ta gyara harshen yara wajen fitar da baƙaƙe. Ta sa hadda ta zama abin sha'awa ga 'yan makarantar boko, har ana samun mai izu 60 yana karatun likita ko injiniya. Babbar riba kuwa ita ce ta mata. A zamanin da mace ta kan yi sauka, amma tafiya tsangaya don hadda ta maza ce. Yau ga Gwarzuwa tana tsaye kusa da Gwarzo, alkyabbarsu iri ɗaya.

Amma akwai abu biyu da tsohuwar al'ada ta riƙe, sabuwar ba ta riƙe su sosai ba. Na farko rabon malam. A ranar sauka, malamin da ya koya wa yaro babbaƙu yana zaune a gaba, da bakinsa a ke buɗe karatu, a gaban jama'a a ke ba shi hakkinsa. A musabaƙa kuwa, kowane mataki yaro ya hau, malaminsa na farko yana ƙara nisa. Ranar da a ke miƙa makullin mota a babban birni, mai yiwuwa ne shi yana zaune bisa buzunsa a wani ƙauye na ƙasar Kusada, sai a rediyo zai ji.

Na biyu alƙalami. Duba rukunonin nan da muka lissafa, duk na baki ne, babu na rubutu. Yawancin masu shiga kuma da Hafsu su ke karatu, daga bugaggen littafi suka haddace. Gwanin tsangaya, wanda ya rubuta izu 60 da ka bisa ruwayar Warshu, ya san kowace kalma sau nawa ta zo da inda ta zo, sau da yawa ba shi da kujera a wannan zaure. Ga shi kuwa tsangayar kanta tana cikin wani hali. Cikin 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara buɗe makarantun tsangaya na zamani, cikin 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka mai da almajirai jihohinsu, cikin 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin almajirai. Duk mai hankali ya yarda barin ƙananan yara suna yawon bara abin gyara ne. Abin tsoro shi ne garin zubar da ƙaiƙayi a haɗa da tsaba. Yara su kan bi abin da suka ga ana miƙe wa. In sun ga gwanin baki kaɗai a ke naɗawa, wa zai yarda ya yi shekaru yana koyon satu? Fannin da ƙasar nan ta riƙe ɗaruruwan shekaru yana iya ƙarewa da mutuwar tsofaffin da ke riƙe da shi yanzu.

Maganin abin ba ya bukatar a jira Makka ko Sakkwato, gama a matakin ƙasa ya ke, inda kowa ya san kowa. A taron ƙaramar hukuma, a gaban hakimi da dagatai, ba abin da zai hana in an kira yaron da ya ci a kira malaminsa na allo tare da shi, a yafa masa riga kamar yadda kakanni ke yi. Ba abin da zai hana a keɓe wuni guda na masu rubutu, a shimfiɗa tabarma, gwanaye su zauna su duba hannun gardawa, a girmama wanda ya fi. Mutanen Suwidin sun riƙe wasiyyar mutum guda fiye da shekara 120, ba su sake ranarta ba. Abin da aka bar mana ya fi wannan daɗewa, ya kuma fi shi daraja a wurinmu. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya yi wa na raye albarka, ya sa 'ya'yanmu su gaji abin kirki. Amin.